Silimar State ta Kilburn a Landan: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ginin da Ya Ƙi Rushewa

Duk wanda ya taɓa bin titin Kilburn High Road a arewa maso yammacin Landan, da wuya idonsa bai faɗa kan wata doguwar hasumiya mai launin madara ba, an rubuta STATE da manyan baƙaƙe a can samanta. Baƙo yakan ɗauka banki ne ko tashar jirgin ƙasa. Gidan silima ne, ko kuma a ce a da can gidan silima ne. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane gini ne wannan, kuma yaushe aka gina shi?

Cikakken sunansa Gaumont State. An buɗe shi ranar 20 ga Disamba, 1937, da kujeru 4,004. Yana unguwar Kilburn, a ɓangaren ƙaramar hukumar Brent, dab da inda titin Willesden Lane ya haɗu da babban titi. Fim ya yi shekaru ana nunawa a cikinsa, daga baya ya koma gidan cacar bingo, sannan a 2007 wani coci ya saye shi.

Su wa suka gina shi, kuma me ya kai su yin ƙaton abu haka a unguwar talakawa?

Wasu ’yan’uwa ne su uku, Phil da Sid da Mick Hyams, waɗanda suka taso a gabashin Landan. Kafin State sun riga sun yi suna da manyan silimomi biyu: Trocadero a Elephant and Castle a 1930, da Troxy a Stepney a 1933. Duka ukun mutum ɗaya ne ya zana su, wani masanin zanen gine-gine mai suna George Coles, wanda ya rasu a 1963. Sunan Gaumont kuwa ya shigo ne saboda kamfanin Gaumont-British ya sa hannun jari a harkarsu. Asalin sunan na wani Bafaranshe ne, Léon Gaumont, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara sana’ar fim a duniya.

Batun unguwar talakawa, ai nan ne kasuwar take. Masu kuɗi suna da gidajen wasan kwaikwayo na tsakiyar birni. Leburori da masu aikin masana’anta da ’yan aikatau su ne ke cika silima, wasu sau biyu a mako. Kilburn cike take da irin waɗannan mutane, musamman ’yan ci-rani daga Ailan, waɗanda yawansu ya sa har ake wa unguwar laƙabi da wata gundumar ƙasar Ailan. Da yawansu haya suke yi a ɗaki ɗaya mai sanyi, banɗaki na haɗaka. A silimomin unguwa na wancan zamani kuwa, da sisi ko nai ko sule mutum zai shiga ya zauna sa’o’i uku a wuri mai ɗumi, kan kujera mai laushi, ƙafarsa a kan kafet. ’Yan’uwan Hyams sun fahimci cewa ɗumin nan da kafet ɗin nan suna cikin abin da ake saye, ba fim kaɗai ba. Lissafinsu kuma mai sauƙi ne: kuɗin shiga kaɗan, kujeru da yawa.

Mene ne art deco ɗin da ake ta danganta ginin da shi?

Wani salon zane ne na gine-gine da kayan ɗaki da kayan ado da ya yi tashe tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. An samo sunan daga wani baje kolin kayan ado na zamani da aka yi a Paris a 1925, ko da yake sai a shekarun 1960 sunan ya kama bakin jama’a.

Ana gane shi da miƙaƙƙun layuka masu tashi sama, da gini mai hawa-hawa yana tsukewa in ya doshi ƙololuwa, da siffofi irin na alwatika da zigzag da hasken fitowar rana, da kayan aiki masu ƙyalli kamar gilashi da farin ƙarfe da tayil mai sheƙi. Ya kwaso daga wurare da dama. Da aka gano kabarin Fir’auna Tutankhamun a Masar a 1922, Turai ta rikice da son adon Misirawa, har shi George Coles ya zana silimar Carlton a titin Essex Road a 1930 da fuska irin ta haikalin Fir’aunoni. A shekarun 1930 kuma salon ya karkata zuwa lanƙwasassun kusurwoyi masu santsi, kwaikwayon jikin jirgin ruwa da mota.

A State, hasumiyar ce art deco tsantsa. Tsayinta ƙafa 120, kimanin mita 37, an lulluɓe ta da tayil mai launin madara, tana hawa tana tsukewa irin dogayen benayen birnin New York. Ana cewa daga benen Empire State, wanda aka gama a 1931, aka ɗauko siffar da ma sunan. Da dare baƙaƙen nan suna ci da jar wuta, ana hango su daga nesa. Talla ce, ba wani abu ba. Fuskar ginin da ke kan babban titi ’yar siririya ce, don fili a nan tsada gare shi, ainihin zauren kallon yana can baya. Tun da ba a iya faɗaɗawa, sai aka yi sama.

Cikinsa ma haka yake?

A’a, kuma nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Da zarar an wuce ƙofa an bar New York an shiga fadar wani basaraken Italiya. Dogayen ginshiƙai masu ado a kai, marmara, manyan madubai, matakala mai faɗi tana hawa bene, ruwan zinare a rufi, ga wata ƙatuwar fitilar lu’ulu’u a rataye wadda ake cewa kwaikwayon ta fadar Buckingham ce. Masana gini masu tsattsauran ra’ayin zamani ba su taɓa son irin wannan gamin gambiza ba. Masu ginin kuwa ba don su suka yi ba. Sun san matar da ta wuni tana goge daɓen gidan wasu ba ta zo kallon farin bango ba, so take ta taka matakalar sarauta. Saboda haka idan an ce State ginin art deco ne, gaskiya ne daga waje, daga ciki kuwa sai a yi hattara.

Da gaske ita ce silima mafi girma a Turai?

Ana yawan faɗin haka, amma an ɗan ƙara gishiri. Ita ce mafi girma da aka gina a Ingila. A Birtaniya baki ɗaya kuwa, Green’s Playhouse ta birnin Glasgow, wadda aka buɗe a 1927, ta fi ta da kujeru 4,368. Bambancin shi ne waccan an rushe ta a 1987, wannan tana nan tsaye.

Yaya zuwa kallo yake a lokacin da take tashe?

Ba fim ɗaya ake biya a kalla a tashi ba. Tikiti ɗaya kan haɗa babban fim, da ƙaramin fim, da labarun duniya na majigi, da kiɗa, da wasa a kan dandamali: mawaƙa, masu barkwanci, ’yan rawa, ’yan dabo. Shi ya sa aka yi wa State cikakken dandamali da ɗakunan canja kaya, aka yi mata gidan abinci, har da ɗakin watsa shirye-shiryen rediyo a cikin hasumiya. A daren buɗewa manyan taurarin Ingila na lokacin, irin su Gracie Fields da George Formby, sun hau dandamalin, BBC kuma ta watsa bikin a rediyo.

A ƙofa akwai dogarai cikin inifom masu tsara layi. A ciki ’yan mata ne riƙe da tocila suna raka mutum kujerarsa a duhu. Shirin kan yi ta zagayawa ba tsayawa, mutum zai iya shiga a tsakiyar fim, ya zauna har a zagayo inda ya tarar, sannan ya tashi. Sigari kuwa ana sha a kan kujera, hayaƙi ya turnuƙe cikin hasken majigi. A riƙe maganar sigarin nan, za ta dawo wajen bingo.

Ana yawan zancen wani ogan da ke cikin ginin. Mene ne shi, kuma yana nan?

Yana nan, kuma yana cikin abubuwan da suka fi daraja a ginin. Kayan kiɗa ne, ƙirar kamfanin Wurlitzer na Amurka. Abin da mai kallo ke gani shi ne teburin makaɗi mai jerin madannai huɗu, wanda ke tasowa daga ƙasa a kan lif, makaɗin na zaune yana kaɗawa. Amma ba daga nan sautin ke fita ba. A ɓoye cikin ɗakuna a bayan adon bango akwai rukuni 16 na bututu, injin iska na hura su, ga ganguna da ƙararrawa da sauran kayan kiɗa na gaske da wayoyin lantarki ke haɗa su da madannan. Mutum ɗaya ke nan yana aikin taron makaɗa.

An ƙirƙiri irin wannan ogan ne don rakiyar fina-finan da ba su da sauti. Zuwa 1937 fim ya riga ya fara magana da kusan shekara goma, don haka aikinsa ya koma cike giɓi tsakanin fina-finai da kuma shirye-shiryen rediyo. Sidney Torch ne makaɗin da ya buɗe shi. Mafi yawan irinsu an cire an sayar, ko an farfasa su tare da gine-ginen. Na Trocadero, misali, an tsamo shi kafin a rushe gidan a 1963, ya yi ta yawo, sai a 2015 ya samu wurin zama a Troxy. Na State yana ɗakin da aka gina dominsa, abin da ba kasafai ake samu ba, domin sautin ogan rabinsa na ɗakin ne.

Waɗanne mashahuran mawaƙa ne suka yi wasa a nan?

Da yawa, don a wancan lokaci zauren da ke ɗaukar mutum dubu huɗu ba su da yawa a Landan. Django Reinhardt ya zo a 1938. Buddy Holly da Jerry Lee Lewis da Duke Ellington duk sun zo a 1958, John Coltrane a 1961. Beatles sun yi wasa a 1963 da 1964, Rolling Stones ma sun hau dandamalin. A Disamban 1977 ƙungiyar The Who ta yi wani wasa da aka ɗauka a fim, wanda ya zama ɗaya daga cikin na ƙarshe da mai gangarsu Keith Moon ya yi kafin rasuwarsa a shekara mai zuwa.

To me ya kashe kasuwar?

Alƙaluma sun isa amsa. A 1946 an sayar da tikitin silima sama da biliyan 1.6 a Birtaniya. A 1984 miliyan 54 kacal aka sayar.

Talabijin ake fara ambata, kuma da gaskiya. Naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 ya sa gidaje da yawa sun sayi akwatin, a 1955 kuma aka buɗe tashar ’yan kasuwa mai tallace-tallace da shirye-shiryen nishaɗi. Amma ba shi kaɗai ba ne. Bayan yaƙi gidajen ma’aikata sun gyaru, an samu ɗumi da kujeru masu laushi a gida, wato abin da ake zuwa saye a silima ya shigo falo. Jama’a da yawa kuma sun bar tsakiyar birni zuwa sababbin unguwanni. Daga baya bidiyo ya zo ya ƙarasa.

Girman da ya zama abin alfahari a 1937 shi ya zama kaya. Zauren mutum dubu huɗu dole a ɗumama shi, a haska shi, a share shi, ko da mutum ɗari ne suka zo. A wajajen 1960 aka gitta bango aka yanke kujerun ƙasa da ke ƙarƙashin bene aka mai da wurin zauren rawa, daga baya wurin bingo, aka bar fim ga kujeru kimanin 1,300. A 1975 aka buɗe wani ɗan ƙaramin ɗakin kallo a inda gidan abinci yake. Babban zauren ya daina nuna fim a 1980. Ƙaramin ya rufe, ya sake buɗewa, sannan ya rufe gaba ɗaya a 1990.

Mene ne bingo, kuma me ya haɗa shi da silima?

Caca ce. Kowa ya sayi kati mai lambobi, mai kira yana zaro lamba daga 1 zuwa 90 yana faɗa a lasifika, wanda lambobinsa suka fara cika ya yi ihu ya karɓi kuɗi. Wata dokar caca da majalisa ta yi a 1960 ce ta buɗe ƙofar yin sa a matsayin kasuwanci, daidai lokacin da kamfanonin silima ke zaune da ɗaruruwan manyan zaure ba kowa. Kamfanin Rank, wanda Gaumont ta koma hannunsa tun 1941, ya juya da yawa daga cikinsu zuwa gidajen bingo. Masu zuwa kuwa galibi mata ne masu manyan shekaru, wasunsu su ne ’yan matan da suka yi layin kallon fim a ginin a da.

Ra’ayina a nan ba zai yi wa kowa daɗi ba. Caca ba abin yabo ba ce, kuma masoya gine-ginen tarihi a Ingila sun daɗe suna yi wa bingo kallon raini. Amma a batun gini zalla, bingo ne ya ceci State da ire-irenta. Dalili kuwa, bingo yana bukatar abin da silimar farko take bukata: ɗaki ɗaya babba, kowa ya fuskanci gaba, kowa ya ji murya ɗaya. Da aka miƙa wa bingo dukan zauren bayan 1980, sai ma aka cire bangon nan da aka gitta. An daidaita daɓe, an jera tebura, an ƙara fitilu masu haske, an shafa fenti mai ɗaukar ido, amma rufi da ginshiƙai da ogan ba a taɓa su ba. Silimomin da suka ci gaba da nuna fim su ne sau da yawa suka fi shan wuƙa, don yanka su aka yi gida uku ko huɗu, aka rufe adon da silin.

Shi ma bingo lokacinsa ya wuce. Cacar ƙasa da aka fara a 1994 da cacar intanet sun janye mutane. Sai ga dokar hana shan sigari a wuraren taruwar jama’a a Ingila, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2007. A gidan bingo, lokacin hutu tsakanin wasa da wasa shi ne lokacin da ake zuba kuɗi a injunan caca, daga nan riba mai yawa ke fitowa. Da dokar ta zo, hutu na yi sai mutane su fice waje zuƙar taba. Gidan bingo na State, wanda a lokacin ke ƙarƙashin wani kamfanin bingo mai suna Mecca, ya rufe a wannan shekarar.

Me ya hana a rushe shi a gina gidajen haya, tun da fili a Landan zinare ne?

Doka. A Ingila akwai rajistar gine-ginen tarihi, wadda hukumar Historic England ke kula da ita a yanzu. Ginin da ya shiga rajistar ba a rushe shi, ba a canja masa wani abu mai muhimmanci ciki ko waje, sai da izini na musamman daga ƙaramar hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne da ake kai mutum kotu. Mataki uku ne: na ɗaya, na biyu mai tauraro, da na biyu. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna matakin ƙarshe. State tana na biyu mai tauraro, wanda bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba.

An sa ta a rajista a 1980, kuma shekarar tana da labari. Kafin nan galibin gine-ginen shekarun 1930 ba a ɗauke su tarihi ba, ana ganin su tarkacen ’yan kasuwa ne. A watan Agustan 1980 masu wata masana’antar taya ta Firestone da ke yammacin Landan, gini na art deco mai kyan gaske, suka ji ƙishin-ƙishin za a sa ta a rajista. Sai suka kawo katafila a ƙarshen mako na hutu suka rushe fuskarta kafin ma’aikatan gwamnati su dawo ofis. Surutun da ya biyo baya ya sa gwamnati ta gaggauta sa gine-gine da dama na wannan zamani a rajista. Akwai kuma ƙungiyar masoya tsofaffin silimomi, Cinema Theatre Association, wadda aka kafa a 1967, da ke ta bibiya tana rubuta takardun koke.

Amma rajista tana hana rushewa ne kawai. Ba ta biyan kuɗin gyaran rufi. Gini mai rajista da ba kowa a ciki, ruwa na yoyo, tattabaru na sheƙa, yana iya lalacewa har a rasa abin da za a kare.

Yaya aka yi ya koma coci?

Bayan rufe bingo aka sa shi kasuwa, cocin Ruach ya saya a 2007. Coci ne na ɗariƙar Fentikos wanda Bishop John Francis ya kafa a unguwar Brixton a kudancin Landan, mafi yawan mabiyansa baƙar fata ne ’yan asalin Karibiyan da Afirka.

Ba abin mamaki ba ne. Irin waɗannan coci-coci sun bunƙasa sosai a Landan tun shekarun 1980, kuma ibadarsu ta taron dubbai ce, da makaɗa da mawaƙa da lasifika da allon majigi. Tsofaffin majami’un Ingila masu ginshiƙai a tsakiya da bencin katako ba su dace da wannan ba. Tsohuwar silima kuwa kamar don su aka yi: dandamali a gaba, bene a sama, babu ginshiƙin da ke tare ido, ƙofofin fita da yawa, ga tashar jirgi da bas a kusa. Su ne kuma kusan kaɗai masu saye da ke son zauren yadda yake, ba tare da sun nemi izinin yanka shi ba.

A Woolwich da ke kudu maso gabashin Landan akwai silimomi biyu da ke kallon juna, dukansu na 1937, Odeon da Granada. Odeon ɗin ma George Coles ne ya zana ta. Duka biyun sun koma hannun coci-cocin da ’yan Najeriya suka kafa: New Wine Church da Christ Faith Tabernacle. Astoria ta Finsbury Park, wadda ta yi suna da Rainbow a zamanin da take gidan waƙa, tana hannun wani cocin da ya samo asali daga Brazil tun 1995.

Mutanen unguwa ba su yi ƙorafi ba?

Sun yi, a Kilburn da sauran wurare, kuma ƙorafin yana da tushe. Silima ta kowa ce, duk mai kuɗin tikiti zai shiga. Wurin ibada kuwa, ko da ƙofarsa a buɗe take, ba kowa ke jin nasa ne ba. Sannan ginin da ke cika ran Lahadi ya yi tsit sauran kwanaki ba ya kawo wa masu shaguna da gidajen abinci na kusa ciniki da dare.

Inda rigimar ta fi zafi shi ne Walthamstow. Wani coci ya sayi silimar Granada ta can a farkon shekarun 2000, mazauna suka tashi tsaye, ƙaramar hukuma ta hana izinin mai da ita wurin ibada. Ginin ya yi shekaru a kulle yana lalacewa, ba coci ba silima. A ƙarshe ƙaramar hukumar Waltham Forest ta saye shi a 2019, ta kashe miliyoyin fam, aka buɗe shi a 2025 a matsayin gidan wasan barkwanci da wasan kwaikwayo. Masu fafutuka sun yi nasara, ba shakka. Sai dai sun jira sama da shekara ashirin, kuma sun dace da ƙaramar hukumar da ta yarda ta zuba kuɗin jama’a. Ba kowace unguwa ke da wannan ba. A ganina, inda zaɓin ya kasance tsakanin mai haya da zai toshe yoyon rufi da kuma kwaɗo a ƙofa, mai hayar ya fi, ko wane ne shi, muddin ba zai yi wa ginin abin da ba ya warwaruwa ba. Tebur da fenti ana iya cirewa. Rufin da ya rubza kuwa shi ke nan.

Coci ne kaɗai ke sayen irin waɗannan gine-gine?

A’a. Masallacin Aziziye da ke Stoke Newington tsohuwar silima ce ta 1913, wadda al’ummar Turkawa suka mayar masallaci a 1983, suka lulluɓe fuskarta da tayil mai shuɗi irin na Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Silimar Grosvenor ta Rayners Lane, ta 1936, mai wani lanƙwasasshen ado a goshi da ake kwatantawa da hancin giwa, ta zama cibiyar mabiya addinin Zartusht tun 2000. Wasu sun zama gidajen giya, wasu wuraren motsa jiki, wasu manyan kantuna. Troxy ta ’yan’uwan Hyams ta rufe a 1960, ta zama makarantar horar da mawaƙan opera, ta zama gidan bingo, sannan tun 2006 ta koma zauren waƙa da bukukuwa.

Me zai hana a mai da State silima kamar da?

Lissafi ne zai hana. Silimar yau ɗakuna goma ne ko fiye, kowanne kujeru ɗari ko ɗari biyu, fina-finai daban-daban a lokaci guda, ma’aikata kaɗan. Babu fim ɗin da zai cika kujeru dubu huɗu kullum. In kuma an ce a yanka zauren, to an lalata abin da ake son karewa, doka ma ba za ta bari ba. Abin da girman ya dace da shi a yau shi ne taron waƙa, kamar yadda Astoria ta Brixton da Gaumont Palace ta Hammersmith suka zama manyan gidajen waƙa. Wannan kuwa yana bukatar jari mai nauyi, da hanyar shigar manyan motocin kaya, da maƙwabtan da za su jure hayaniyar dare.

Akwai abin da ya yi kama da wannan a ƙasar Hausa?

Akwai, ko da yake ginin ba iri ɗaya ba ne. A shekarar da aka buɗe State, 1937, a ita aka buɗe silimar Rex a Kano. Silimomin Arewa galibi ba su da rufi a kan mafi yawan kujeru, sai dare ya yi ake nuna fim, don haka ba su da rufi mai ruwan zinare da za a yi kuka a kai. Sunansu ma bai taɓa yin kyau a idon malamai da iyaye ba, balle bayan gobarar El Duniya ta 1951 da ta ci mutum 331. Bidiyo da gidajen kallo na unguwa sun janye jama’a kamar yadda talabijin ya yi a Ingila, gine-ginen kuma aka juya su zuwa wasu harkoki ko aka rushe, ba wata rajista da ta tsaya musu. Wani lokaci suna ne kawai ke saura. Matashin da ya je canjin Dala a Wapa da ke Fagge ba lalle ne ya san sunan silima yake kira ba.

Idan na je Landan, zan iya ganin ginin?

Daga waje, a kowane lokaci. Tashoshin jirgin Brondesbury da Kilburn High Road duk tafiyar ’yan mintoci ce a ƙafa, bas-bas da yawa kuma suna bin titin. A tsallaka ɗaya gefen don a ga hasumiyar sosai, sannan a zaga ta Willesden Lane, nan ne za a ga ainihin girman zauren, ƙaton bangon jan bulo da ba a yi wa kwalliya ba don ba a sa ran kowa zai duba. Shiga ciki kuwa sai da izinin masu ginin, tun da wurin ibada ne mai zaman kansa, don haka a tuntuɓe su tukuna kafin a ɗauki hanya. Wanda yake son ganin cikin aikin George Coles ba tare da wannan ba, ya sayi tikitin wani taro a Troxy da ke titin Commercial Road, kusa da tashar Limehouse.